Magfai a bayan saniya: ɓarna ko taimako?

Ɗan Kanada: Salam jama'a. Wani mai kiwo nan Alberta ya ce min wai magfai ba ta da amfani sai ɓarna, tsuntsuwar nan mai baƙi da fari da doguwar jela, dangin hankaka. Ni kam ban yarda ba wlh.

Mai Shanu: Ai gaskiya ya faɗa maka Yaya, in saniya na da miki a baya hawa take ta yi ta caka har ya koma gyambo, ga shan ƙwan ƙananan tsuntsaye, shi ya sa a da can har lada ake biya a wasu jihohin Amurka in mutum ya kashe ta

Anti: Haba ƙanena, to hawan da take yi ai galibi kaska take cirewa, kamar dai carki a wajenmu. Barewa ma tsayawa take cak a cire mata. Kuma lokacin zafi yawancin abincinta fara ne da ƙwari, sai mushe in sanyi ya shigo.

Mai Shanu: Anti carkin ma ai yana tona gyambo, tambayi Fulani

Ɗan Kanada: Eh yana yi, amma ka taɓa ganin an sa masa guba? Ita magfai fa tun kafin a kai shanu yankin take bin garken ɓaunar Amurka, daga Alaska har arewacin New Mexico, duk yamma, gabas ba ka cika ganinta ba. Kurmi mai duhu ba nata ba ne, ta fi son fili mai 'yan bishiyoyi a bakin rafi inda za ta kafa ƙatuwar sheƙarta ta ƙirare mai rufi a sama. Da aka kusa ƙarar da ɓauna sai ta koma wa shanu, laifin wa?

Anti: Ni abin da ke damuna ma 'yar uwarta ce mai rawayan baki, California kaɗai ake samunta a duniya, cutar West Nile da sauro ke yaɗawa ta yi musu mummunan kisa daga 2004.

Mai Shanu: Allah sarki, wannan kam abin tausayi ne. Amma dai in saniyata ce mai ciwo korar tsuntsuwar zan yi.

Ɗan Kanada: Kora ba komai, ka sa wa mikin magani ka rufe shi. Kisan ne ban yarda da shi ba, a Amurka ma tun 1972 doka ke kare ta.