Neman shawara: in ƙara sid a Debian ɗina ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, ce a kwamfutata, kuma da ita nake neman abinci, zane da gyaran hotuna. Manhajojin ne suka tsufa. GIMP ɗina, manhajar da nake gyaran hotuna da ita, har yanzu 2.10 ce, alhali 3.0 ta fito tun Maris 2025. Wani abokina ya ce in ƙara sid, reshen Debian da sabbin manhajoji ke fara shiga kafin a gama gwada su, cikin sources.list, fayil ɗin da ke nuna inda tsarin ke sauke manhajoji, in riƙa samun sabon abu da ɗumi-ɗuminsa. Me kuka gani?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura ka haɗa stable, wato tabbatacciyar Debian irin taka, da sid a waje ɗaya. Sabuwar GIMP za ta jawo sabuwar libc6, ginshiƙin da kusan duk manhajojin tsarin suka dogara da shi, ita ma ta jawo wasu, kafin ka ankara rabin tsarin ya koma sid, kuma apt, manhajar da ke sakawa da sabunta manhajoji, ba ta san hanyar komawa baya ba. Su kansu mutanen Debian sun yi gargaɗi a kan haka.

Amsa ta biyu: Ai ma ba sai an kai nan ba. Debian 13 ta fito a Agusta 2025, kuma da GIMP 3.0 ta zo. Ka kwashe fayilolinka a wani wuri, ka ɗaga tsarin gaba ɗaya zuwa Debian 13. In kuma manhaja ɗaya ce kawai ke damunka, ka sa ta ta Flatpak, hanyar saka manhaja a keɓe, daga rumbunta na Flathub, ba ruwanta da sauran tsarin.

Amsa ta uku: Ku tuna abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli, a Maris 2024. An cusa ɓoyayyiyar ƙofa cikin 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta iya ba wani damar shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya gano ta bayan ya ga SSH na yin nauyin da bai saba ba. Su wa ta riska? Masu bin sabo: Debian sid da testing (reshen gwaji), da wasu nau'o'in Linux kamar Fedora Rawhide da openSUSE Tumbleweed. Masu stable ko gezau, domin ba ta ƙaraso gare su ba.

Amsa ta huɗu: Ni dai kada a tsorata shi da yawa. Arch Linux nake amfani da ita, kullum sabo, kuma lafiya lau. Ai in kowa ya guji sabo, wa zai gano kurakuran? Amma gaskiya tana cin data, kuma dole ka karanta sanarwarsu kafin ka buga pacman -Syu, umarnin sabunta tsarin. Kwamfutar da kwastoma ke jiran aiki a kanta ba wurin gwaji ba ce. Ka gwada sid cikin VirtualBox, manhajar da ke ba ka kwamfutar gwaji a cikin taka.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. To Flatpak ɗin fa, ba ta cin data?

Amsa ta biyu: Karon farko za ta ci ɗaruruwan megabayit, saboda sai ta sauke tushen da manhajar ke hawa kansa. Bayan nan abin da ya canza kawai take ɗaukowa. In kana son GIMP ta gwaji, akwai flathub-beta, sai ka ajiye ta gefe ɗaya da wadda kake aiki da ita.