Me za mu kira taminal da Hausa? Ni dai tagar umarni nake gani

1/
Jama'a, salamu alaikum. Duk mai koyar da Linux da Hausa ya san wurin da harshe ke sarƙewa, wato lokacin da zai ce wa ɗalibi ya buɗe manhajar nan da ake rubuta umarni a cikinta. Wani ya ce taminal, wani ya ce baƙin allo, wani ya ce shel, wani kuma kowace iri ya gani CMD yake ce mata. Kuma fa ba abu ɗaya waɗannan sunaye suke nufi ba. Ina so mu tsayar da magana, domin ruɗanin yana cutar da masu koyo.

2/
Kafin a raɗa wa abu suna sai an san asalinsa. A shekarun 1960 da 1970 kwamfuta ƙatuwar na'ura ce, mutane da yawa ke aiki da ita lokaci guda. Kowa na zaune gaban wata 'yar na'ura mai maɓallan rubutu, an ja waya daga gare ta zuwa babbar kwamfutar. Ita 'yar na'urar ba ta lissafi, ba ta ajiye fayil. Abin da ka buga ta aika, abin da aka mayar ta nuna maka. Ita ce taminal ta asali, inda waya ta ƙare. Na farko-farkon ko allo ba su da shi, a takarda suke bugawa, kamar Teletype Model 33 ta 1963, irin wadda ake da ita a Bell Labs lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, a 1969. Har gobe in ka rubuta tty a Linux za ka ga amsa kamar /dev/pts/0. Wannan tty ɗin gajeren sunan tsohuwar na'urar ne.

3/
A 1978 kamfanin DEC ya fitar da VT100, mai allo da ke ɗaukar harafi 80 a kwance da layi 24 a tsaye. Shi kansa 80 ɗin gado ne daga katin huji na IBM na 1928. VT100 ta samu karɓuwa har manhajoji suka saba da yarenta: lambar da ke share allo, da mai matsar da wurin rubutu, da mai kaurara harafi. Da kwamfutoci masu hoto da linzami suka zo, sai aka rubuta manhaja mai yin kamar ita ce waccan na'ura. xterm, wadda aka soma a 1984, tana cikin na farko. GNOME Terminal, Konsole, Alacritty, kitty, iTerm2, Windows Terminal, duk aikinsu ke nan: kwaikwayon na'urar da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Shi ya sa in ka buɗe GNOME Terminal take zuwa da 80 da 24.

4/
Ga inda nake so a tsaya sosai. Wannan manhaja ba ta san umarni ko ɗaya ba. In ka rubuta ls ka danna Enter, ba ita ce ke jero maka fayiloli ba. Haruffan take miƙa wa wata manhajar daban da ke bayanta, wato shel, kamar bash ko zsh ko PowerShell, ita ce ke karantawa, ta gane abin da kake so, ta sa a yi, sannan sakamakon ya dawo a nuna maka. Kamar tagar ɗakin magani ce a asibiti: ta tagar kake miƙa takarda, ta nan ake miƙo maka magani, amma mai karanta rubutun likita yana ciki. Duk sunan da ya haɗe waɗannan biyu ya kasa, komai daɗinsa a baki.

5/
To mu duba sunayen Hausa da aka kawo mata.

Baƙin allo shi ya fi yawo, kuma na fahimci dalili. Sai dai tun fil azal baƙin allo na aji ne. Sannan baƙin ba ɗabi'ar abin ba ce, saiti ne kawai. xterm da fari take zuwa, ta Ubuntu shunayya ce mai duhu, tsohuwar PowerShell shuɗiya. Ka ce wa yaro ya buɗe baƙin allo, ya buɗe ya ga fari, ya rufe yana zaton ya yi kuskure.

Tasha ta fi kusa da ma'anar asali, tunda a tasha hanya ke ƙarewa. Amma Bahaushe in ya ji tasha, mota ko rediyo zai tuna. Ni a ganina a bar wa tsohuwar na'urar wannan suna, a ce tashar VT100, ya zauna daram. Makwaikwayin tasha kuwa daidai ne a ilimance, sai dai ba wanda zai faɗe shi sau goma a darasi ɗaya.

Saura tagar umarni. Taga dai mun riga mun karɓe ta a harshen kwamfuta, umarni kuma ba baƙo ba ne. Kalmar tana gaya wa mai koyo abu biyu lokaci guda: nan ake rubuta umarni, kuma akwai wani a bayanta.

6/
Shi wanda ke bayan tagar fa? Na ga an fassara shel da ɓawo. Bafaranshen nan Louis Pouzin ne ya sa sunan a 1964, kuma hoton da ake bayarwa shi ne abin da ya lulluɓe ƙwayar tsarin. Amma a Hausa ɓawo abin ɓarewa ne a yar, ba ya nuna aiki. Aikin wannan manhaja shi ne ta ji maganar mutum ta isar da ita ga tsarin kwamfuta yadda zai aikata. Wannan ai tafinta ne. A ce tafintan umarni, ko tafinta kawai in an san zancen.

Ku gwada a jimla. Brian Fox ya fitar da tafintan bash a 1989 domin aikin GNU, zsh ya biyo baya a 1990. A 2019 Apple ta mayar da zsh tafintan da ke zuwa da macOS, amma tagar tana nan yadda take. Da suna ɗaya ga abu biyun, wannan jimlar ba za ta faɗu ba.

7/
Amfanin rarrabewar yana fitowa ne wajen saiti, kuma shi ne ainihin abin da ya dame ni. Salon haruffa da girmansu, launuka, yawan layukan da za ka iya komawa baya ka karanta, maɓallan kwafa da liƙawa, duk na taga ne. A GNOME Terminal da Konsole cikin zaɓuɓɓukansu ake gyarawa, xterm tana karanta fayil ɗin .Xresources, kitty tana da kitty.conf, Windows Terminal tana da settings.json. Amma gajerun laƙabobin umarni, da PATH (jerin wuraren da ake neman umarni), da tarihin abin da ka rubuta, da yadda alamar farkon layi take, na tafinta ne, .bashrc ko .zshrc za ka buɗe. Mutum nawa ne suke ɓata dare suna neman girman rubutu a .bashrc? In malami ya ce "wannan matsalar taga ce, ba ta tafinta ba", ya rage wa ɗalibi rabin wahala.

Misalin da ya shafe mu kai tsaye: rubuta echo "ƙasa ɗaki ɓera ƴaƴa". In ka ga akwatuna a madadin ƙ ko ɗ ko ƴ ɗin da ake rubutawa a Nijar, salon haruffan tagar ne ba shi da su, sai ka sauya zuwa Noto Sans Mono. In kuwa alamomin tambaya ko tarkacen haruffa suka fito, rubuta locale ka duba ko tsarin yana kan UTF-8.

Haka batun Ctrl+C. Tun zamanin tsoffin tashoshi aikinsa katse shirin da ke gudana ne, shi ya sa yawancin tagogin Linux suka mayar da kwafa Ctrl+Shift+C, liƙawa Ctrl+Shift+V.

8/
Wani malaminmu ya yi gyara mai nauyi, ya ce in an danna Ctrl+Alt+F3 a Linux ai babu taga, rubutu ne ya cike allo. Gaskiya ne, Malam, Allah ya ƙara sani. Wannan sai a ce masa allon umarni, a bar tagar umarni ga mai buɗewa cikin sauran manhajoji. Termux ta wayar Android kuwa zan bar ta a taga, ko da ta cike fuskar wayar, don manhaja ce cikin manhajoji.

Kuma Malam, duba yadda kalmomin ke aiki a SSH, hanyar shiga wata kwamfutar daga nesa. Ka buɗe PuTTY a kwamfutarka ka shiga wata sabar da ke wata ƙasa: tagar tana gabanka, tafintan yana can. Launi a nan za ka gyara, laƙabi a can.

9/
Ƙanwata da ta ce mun jefar da ma'anar kwaikwayo, ba mu jefar ba, mun matsar da ita cikin bayani ne. Rubuta echo $TERM, galibi za ki ga xterm-256color. Tagar ce ke shelanta wace tasha take kwaikwaya, don manhajojin da ke gudana cikinta, irin su nano da vim da htop, su san lambobin da za su aiko mata. In kika shiga sabar da ba ta san sunan da tagarki ta bayar ba, kamar xterm-kitty, sai nano ta ƙi buɗewa ko allon ya hargitse. A nan ne malami zai yi zancen kwaikwayon tasha, ba a ranar farko ba.

10/
Layin umarni ba gardama a kansa, shi ne layin da kake rubutu a kai. Alamar da ke farkonsa, $ ga mai amfani na yau da kullum, # ga mai cikakken iko, ina kiranta alamar jira, domin in ta bayyana tafinta ya gama, yana jiran na gaba. In ba ta dawo ba, aiki bai ƙare ba, kada a ci gaba da bugawa.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, ku da kuka koyi abin da Faransanci, ku gwada taga da tafinta a ajinku ku gaya mana ko sun shiga kunnen ɗalibai.