Neman shawara: shawa ta daina zuba, kuma bango na danshi

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah masu sanin aikin famfo ku taimaka min da shawara. Muna Kano ne, gidan kanmu ne ba haya ba, muna da bohol da sumo sai tankin sama mai lita 1000. To kwanakin baya an ɗauke wuta an daɗe ba a kawo ba har tankin ya ƙafe ƙaf, da aka kawo muka kunna sumo ya cika har yana ambaliya, famfon kicin yana zuba lafiya lau, na tsakar gida ma haka, amma shawar banɗakin ɗakina sai ta yi ta tari tana tofo ruwa kaɗan-kaɗan daga nan sai shiru. Abu na biyu kuma bangon da ke tsakanin banɗakin da falo ya fara danshi daga ƙasa har fenti ya kumbura, shi wannan ya riga maganar shawar farawa. Na kira wani filamba ya leƙa kawai ya ce fayif ne ya fashe a cikin bango sai an fasa tayil, ko sifana bai ɗauko ba. Maigidan ya yi tafiya, ni kuma gaskiya hankalina bai kwanta da a fasa min tayil haka kawai ba. Akwai abin da zan iya dubawa da kaina kafin nan?

Baba Mai Famfo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki bari a taɓa tayil ɗin nan tukuna. Matsala biyu ce daban gare ki, kar a haɗe miki su. Ita shawar iska ce ta shige fayif lokacin da tanki ya ƙafe, wannan tarin da kika ji tana yi shi ne alamar. Idan fayif ya hau sama sannan ya sauko, iska takan maƙale a ƙololuwar, ruwan tanki kuma ba shi da ƙarfin da zai turo ta tunda gangarowa kawai yake yi. Famfon kicin da na tsakar gida suna ƙasa shi ya sa suka tsira.

Ga yadda za ki yi. Da farko in akwai hita a banɗakin ki kashe ta daga makunni, domin in ta kunnu babu ruwa a ciki ƙarfen da ke ɗumama ruwan ƙonewa yake. Sai ki tabbatar tanki a cike yake, ki kwance kan shawar da hannu, juyawa kawai ake yi ta hagu, in ya ƙi ki naɗa masa tsumma ki kama da filaya a hankali kar ki kankare shi. Ki rufe sauran famfunan gidan duka ki buɗe ita kaɗai har ƙarshe ki ba ta 'yan mintuna, za ki ji tana ta atishawa, ki ƙyale ta. Sau da yawa a nan ake gamawa. In ta ƙi, ki samo tiyo ki sa baki ɗaya a famfon da ruwansa ya fi na tanki ƙarfi, kamar wanda ke zuwa kai tsaye daga sumo, ɗayan kuma a bakin fayif ɗin shawa ki ɗaure da roba sosai, ki buɗe na shawar sannan ki buɗe wancan, ruwan zai tura iskar ta koma baya ta fita ta tanki.

Abban Hanifa:
Baba ya gama magana. Ni dai abin da zan ƙara, tunda ruwan bohol ne to duk lokacin da tanki ya ƙafe yashi da lakar da suka kwanta a gindinsa su ne ke fara bin fayif, sai su je su toshe 'yan ramukan kan shawa. Idan kin kwance ki duba ciki, wasu akwai wata 'yar raga ƙarama da robar zobe a bakin, ki cire ki wanke, kar ki yar da robar don in babu ita ruwa zai riƙa tsartuwa ta gefe. Shi kuma kan ki jiƙa shi cikin ruwan khal ya kwana, wannan farin abin da ke daskarewa a ramukan zai narke, da safe ki goge da tsohon buroshin haƙori ki bi ramukan da tsinken sakace. Kuma ki sa a wanke miki tankin in an samu hali, in kika leƙa ciki za ki sha mamakin abin da ya kwanta.

Ummu Sultan:
Wlh 'yar uwa kin yi dabara da kika tambaya. Mu an fasa mana bango kusan rabi ana neman inda ya fashe, ƙarshe ashe ba a cikin bangon yake ba, tankin masai ne ke yoyo ta wajen da fayif ya shiga, ruwan na bin bayan masan yana kwanciya a gindin bango. Tayil ɗin kuma aka zagaye kasuwa ba a samu irinsa ba, har yau banɗakin kala biyu ne kuma abin na ci min rai duk na shiga. Ki sa hannu ki shafa bayan masai da ƙarƙashin wajen wanke hannu, ko ki naɗa tishu a kowane mahaɗi ki dawo bayan awa ɗaya ki ga wanne ya jiƙe.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka da alheri, ngd sosai. Baba to shi danshin fa, ta yaya zan gane ko da gaske fayif ne ya fashe a ciki?

Baba Mai Famfo:
Tankinki ne zai gaya miki. Da daddare in kowa ya gama amfani da ruwa, a kashe sumo, a rufe kowane famfo, a rufe ɗan kwantirol ɗin da ke kai ruwa tankin masai shi ma, sai wani babba ya hau ya zura sanda mai tsabta cikin tanki ya yi alama a inda ruwa ya tsaya. Da asuba kafin a taɓa ruwa a sake aunawa. In yana nan inda yake to fayif ɗinki lafiya lau, danshin daga wani waje yake, galibi ruwan wanka ne ke bin tsagin da ke tsakanin tayil da tayil inda farin simintin ya zube, ko bakin magudanar ƙasa ba a toshe gefenta da kyau ba, wannan kuwa ƙaramin aiki ne, a ƙwaƙule tsohon a cike da sabo a bar shi ya bushe kafin a yi wanka. In kuma ruwa ya sauka to akwai yoyo, amma ko a nan ba a cewa na bango ne sai an rufe kwantirol ɗin layin banɗakin an sake gwadawa wani daren. In da aka rufe ruwa bai sauka ba, to a lokacin ne filamba ke da gaskiya.

Hajiya dan Allah kar ki tura yara hawa, kuma kar ki hau da duhu ba fitila. Ruwa lita 1000 nauyin tan guda ne, in ƙarfen da tankin ke kai ya yi tsatsa a gindi a fara duba shi.

Injiniya na Zariya:
Ina goyon bayan Baba. Kuma ko ta kama a fasa ɗin, ba a fasawa da ka, a fara sanin inda wayar wuta ta bi musamman in akwai hita ko soket a jikin bangon ta ɓangaren falo, a kashe wutar gidan daga babban makunni kafin a ɗora kurfi. A cire tayil ɗaya ko biyu daidai inda elbo yake, wato inda fayif ya lanƙwasa, don yawanci a mahaɗi yoyo ke faruwa inda gam bai kama ba, ba a tsakiyar fayif ba. Sannan maganar iskar nan za ta riƙa dawowa duk sanda tanki ya ƙafe sai an sa mata hanyar fita, wato a sa mahaɗi mai baki uku a fayif ɗin da ya fito daga tanki a ɗora wani fayif a tsaye ya zarce saman tankin tsawo, bakinsa a buɗe. Kayan duk akwai su a Ƙofar Ruwa, ki dai faɗa musu girman fayif ɗinki, inci ɗaya ne ko uku bisa huɗu, ko ki ɗauki hotonsa a waya. In kuma ko da can shawar ba ta da ƙarfi to tsawon tanki ne, sai tazarar ruwa da kan shawa ta kai kusan mita 10 ake samun ƙarfin "bar" ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa, yawancin gidajenmu kuwa ba su kai rabin haka ba.

Anti Mai Zoɓo:
Ga wani gwajin mai sauƙi na masai, ki buɗe murfin tankinsa ki zuba zoɓo mai kauri rabin kofi, kar a ja ruwa kamar minti 20. In kika ga ja ya sauko cikin kwanon masan to robar ƙasan ta mutu tana sakin ruwa dare da rana ba ki sani ba, ana sayar da ita daban ba sai an sayi tankin gaba ɗaya ba. Ki ja ruwa bayan nan don kar kalar ta zauna.

Maman 'Yan Biyu:
Jama'a alhamdulillah shawa ta dawo!! Da na kwance kan na ga yashi cike da ragar, na wanke na buɗe ta ita kaɗai ta yi ta tari sai ga ruwa shaa, ko tiyon ban ɗauko ba. Sai dai da na mayar yana ɗan ɗiga ta wajen zaren. Gwajin tanki kuma ƙanin maigidan ya zo ya auna mana, ruwa bai motsa ba ko kaɗan, kuma da na duƙa na duba gindin bangon ta cikin banɗaki farin simintin duk ya zube har tsinke na shiga tsagin. Zoɓo ma bai sauko ba Anti.

Baba Mai Famfo:
Madalla Hajiya. Ɗigar nan farin tef ɗin famfo za ki saya, ki goge zaren ya bushe ki naɗa kamar zagaye biyar zuwa shida ta ɓangaren da ake ɗaurewa wato ta dama, in kika naɗa ta hagu warwarewa zai yi kina ɗaurawa. Ki ɗaure da hannu kawai kar ki matse da ƙarfi ya tsage. Tsagin kuma mai tayil za ki kira ya cike miki, ku yi wanka a ɗaya banɗakin kwana biyu. Fentin falo kar ki yi gaggawarsa, a kankare wanda ya kumbura a bar bangon ya sha iska sai ya bushe sarai, in aka shafa a kan danshi sake tashi zai yi.