Gado ne ko gurɓatar muhalli? Muhawara kan yaran Sin masu matsalar ƙofar fitsari

Ɗalibin Guangzhou: Ni dai ina nan a kan bakana. Yaran da ake haifa a Sin ƙofar fitsarinsu ta buɗe a ƙasan gaba maimakon a kai, gado ne kawai. Ku dubi ƙwayar gadon SRD5A2. Ita ke juya sinadarin maza, testosteron, ya koma sinadarin da ya fi shi ƙarfi, wanda ke ƙera al'aurar ɗa namiji tun yana ciki. Akwai canji a cikinta mai suna R227Q da likitoci ke yawan samu a yaran kudancin Sin.

Anti Nas: Ƙanina, cire "kawai" ɗin nan. Yawancin yaran ko an gwada su ba a gano ƙwaya guda da za a ɗora wa laifi. Kuma jaririn da aka haifa ba nauyi ya fi shiga haɗarin. Wannan ma gadon ne?

Malam: Ina bayan Anti. Ku tuna maganin DES da aka yi ta bai wa masu ciki a Amurka har 1971. Daga baya a Holan aka ga matsalar ta fi yawa ga 'ya'ya mazan matan da suka haɗu da maganin tun suna cikin uwa. Jika fa! To me zai hana a zargi maganin ƙwari da sinadaran roba a ƙasa mai masana'antu kamar Sin?

Ɗalibin Guangzhou: Malam, Allah ya gafarta, zargi daban, hujja daban. Uba mai matsalar ya fi haifar ɗa mai ita, wa da ƙane ma haka.

Anti Nas: Gadon ma ba na uba kaɗai ba ne. Ƙwayar gadon DGKK da aka gano alaƙarta da matsalar a 2010 tana kan kiromosom X, wanda yaro daga uwarsa yake samu. Ita kuwa SRD5A2, cikakkiyar cutar ba ta bayyana sai an gado daga ɓangare biyu, uwa da uba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake neman mutum guda a jinjina masa laifi.

Hajiya Babba: To 'yan nan, ashe auren zumunci ya shigo ciki ke nan?

Ɗalibin Guangzhou: A irin wannan na ɓangare biyu, e, Hajiya. Amma Sin ta hana auren 'ya'yan wa da ƙane tun dokar aure ta 1980.

Malam: Ka ga ka taimake ni. An hana, amma duk da haka rahoton ma'aikatar lafiyarsu na 2012 ya ce ana haifar jarirai kusan 900,000 da tawaya iri-iri duk shekara.

Ɗalibin Guangzhou: Wannan adadin ya haɗa har da ciwon zuciya, Malam, ba hujjarka ba ce.

Hajiya Babba: Ku dakata. Jikana na da irin wannan, kuma an kira wanzami ranar Asabar.

Anti Nas: Hajiya, don Allah a hana shi. Da fatar nan ake gyaran a tiyata, galibi tsakanin wata 6 zuwa 18. A fara kai shi wurin likitan tiyatar yara.