Taƙaitawa: cin dim sum (ƙananan farantan abincin Sinawa da ake ci da shayi) a Nom Wah lokacin hutun hunturu

Na tattaro abin da jama'a suka faɗa kan wannan tsohon gidan shayi na titin Doyers, unguwar Sinawa ta New York, wanda aka buɗe tun 1920.

1. Kowa ya yarda a je da wuri. Ranar Kirsimeti da makon sabuwar shekara layi kan fito har titi, ga sanyi mai ratsa ƙashi. A sa rigar sanyi mai kauri.

2. A tafi a ƙungiya, domin abincin ƙananan faranti ne da ake ci tare. Takarda ake ba ka, ka yi wa abin da kake so alama.

3. Maganar naman alade ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma ni ma ita ta fi damuna. Siu mai (ƙullin fulawa mai nama a ciki) da char siu bao (burodi mai gasasshen nama a ciki) galibi da alade ake yin su. Wasu suka ce har gow (ƙullin fulawa mai jatan lande a ciki) ya wadatar, wasu suka ce shi ma akan sa masa kitsen alade, sai an tambaya. Kaɗan sun ce shayi kawai za su sha.

4. In shayi ya ƙare, a ɗaga murfin buta, za a ƙaro ruwan zafi.