Leƙen fayil a saba: yana cin mega ko ba ya ci?

Laouali: Salamu alaikum jama'a. Na gano wata dabara a shagona na unguwar Ali Dan Sofo. Hotunan biki da muke ajiyewa a saba, wato kwamfutar nesa da ke riƙe fayiloli ta intanet, yanzu ba sai na sauke su ba kafin in gane wanda mai shi ke nema. A FileZilla, manhajar ɗora fayil a saba da sauke shi, nake danna fayil da maɓallin dama, in zaɓi "Afficher / Éditer", hoto ya buɗe. Leƙe ne kawai, mega ba ya taɓuwa.

Moussa: Wa alaikumus salam. Yaya Laouali, wallahi yana taɓuwa. Sauke shi yake yi gaba ɗaya, sai dai a dosiyen wucin gadi yake ajiye shi, sannan ya miƙa wa manhajar kallon hoto.

Laouali: Kai Moussa, ban ga komai a dosiyena ba fa.

Moussa: Ba can yake zuwa ba. Shiga Temp na Windows ka nemi dosiye mai suna fz3temp-2. Ko kuma ka sa ido a ƙasan FileZilla lokacin da ka danna, za ka ga fayil ɗin ya shiga layin sauka.

Malam Issoufou: Moussa na da gaskiya. FTP, hanyar da FileZilla ke bi ya yi magana da saba, tsohon abu ne, ƙa'idar da ake bi tun 1985 aka rubuta ta. Kamar mai gadin sito yake: zai faɗa maka sunan buhu, nauyinsa da ranar da aka kawo shi, amma bai san buɗe buhu ya kwatanta maka abin da ke ciki ba. In kana son gani, sai an ɗauko maka. Sauran manhajoji irin FileZilla ma haka ne: WinSCP haka yake yi, Cyberduck ma a Mac haka, duk da leƙensa na da sauri.

Hadiza: Malam, a yi mini afuwa, ban yarda da maganar duka ba. Ni nakan buɗe bidiyo daga saba da VLC, ya fara tafiya nan take. Ina saukewar?

Malam Issoufou: Ƴata, kin kama ni a gefe ɗaya. Ana iya ɗibar wani yanki, kamar ƴan hatsi da ke soka ƙarfe a buhu su duba ƙwaya. SFTP, wata hanyar irin FTP mai tsaro, yana ba da damar karanta sashen fayil, FTP ma yana iya farawa daga tsakiya, shi ya sa in rezo ya yanke ake ci gaba daga inda aka tsaya. Amma duk daƙiƙar da kika kalla, sai da ta ratso waya ta ci forfenki. Ragi ne, ba kyauta ba.

Hadiza: To ai ragin muke nema, Malam. Wa ya ce kyauta?

Moussa: Yaya Laouali ne ya ce.

Rabiou: Ni damuwata daban ce. Wanga maɓalli na "Afficher / Éditer" na gyara ne kuma. In ka taɓa fayil ka adana, FileZilla zai tambaye ka ko ya mayar da shi saba. Na taɓa amsa "Oui" cikin gaggawa, na danne na asali, ba ni da kwafi.

Malam Issoufou: Allah ya kiyaye gaba. Mai duba dogon rubutu, in yana da SSH, wato damar ba saba umarni daga nesa, ya buga umarnin tail, layi 10 na ƙarshe kaɗai za su zo. Hoto kuwa sai irin su Nextcloud ko Google Drive, don su a can saba suke ƙera ɗan ƙaramin hoto su turo.

Laouali: Na duba. Hotuna 12 na tarar a dosiyen nan, kowane ya kusa mega 8. Ashe nan forfena na jiya ya tafi, ina ta zargin yaran shago.

Hadiza: Sai ka ba su haƙuri.

Laouali: Zan ba su. Moussa, in na rage girman hotunan na ɗora su a dosiye daban da suna iri ɗaya, in riƙa leƙa ƙananan, ya yi?

Moussa: Ya yi sosai. Bayan la'asar zan biyo shago in nuna maka yadda ake rage su a tashi ɗaya.