Neman shawara: canza mariƙin tsofaffin asake, na fasa biyu na rasa inda nake kuskure

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu gyaran tsofaffin asake ku taimaka min. Ban jima da shiga harkar nan ba, sha'awa ce kawai, na samu asake uku irin masu naɗewa ɗin nan. Ɗaya an buga mata Wade & Butcher Sheffield a wuya (sunan kamfanin da ya ƙera ta ke nan da garinsu a Ingila), mariƙinta na ƙaho ne amma ya karkace ya bushe har yana ɓarewa kamar ɓawo. Ta biyu 'yar Solingen ce ta Jamus, mariƙin wata roba ce mai ruwan zuma, ita kuma abin mamaki tsatsa ta cinye daidai inda ƙarfen yake shiga cikin mariƙin, saman kuma fes. Ta uku ba suna, da ita nake gwaji. Na yanka mata katako na gyara na huda, wajen dukan ƙusar sai ji na yi ƙas, ɓari ɗaya ya tsage. Na sake wani, shi ma ya tsage, na ukun bai tsage ba amma in na rufe askar sai kaifin ya dinga gogar gefe ɗaya. Wallahi abin ya fara isata. Niyyata in cire duka ukun in yi musu sabo na katako. Ina kuskuren yake?

Wani tsohon hannu a harkar:
Wa alaikumus salam. Ƙanena tun kafin a zo maganar katako, tashi yanzu ka raba 'yar Jamus ɗin nan da sauran. Wannan robar seluloyid ce, da kafur da wani sinadari mai suna naitiroselulos ake haɗa ta, in ta tsufa sai ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai asid, shi ya sa tsatsar ta bi daidai inda mariƙin ya rufe ta bar sama. Ba ya warkewa, ba man da za ka shafa ya tsaya, kuma in ka ajiye su a akwati ɗaya sai ta harbi na kusa da ita. Cire mariƙin yau ka jefar. Kada ka kai shi kusa da wuta ko injin gurza, seluloyid yana kamawa kamar fetur.
Ta Sheffield kuwa ni dai ban yarda ka taɓa ba. Duba wuyan, in babu kalmar England a ƙarƙashin Sheffield to akwai yiwuwar ta girmi 1891, don bayan dokar harajin Amurka ta 1890 ne aka fara buga sunan ƙasa a kayan da ake shigarwa can. Aska mai shekara sama da ɗari ka cire mata ƙahonta na asali ka liƙa mata katako, haba dai.

Mai tambaya:
Yallaɓai na duba, babu England. Amma ƙahon fa ya lanƙwashe sosai, ya gyaru kuwa?

Tsohon hannu:
Ya gyaru mana, ƙaho ai yana jin zafi. Jiƙa shi cikin man da ake shafa wa fata, wanda ake samu daga ƙashin ƙafar shanu, kwana biyu ko uku, za ka ga ya dawo da duhunsa. Sannan ka tsoma a ruwan zafi ya yi laushi, ka matse tsakanin katako biyu masu santsi ka bar shi ya huce a haka. Wani lokaci sai an maimaita don yana son komawa yadda ya saba. Inda ya ɓare ka ɗiga supa gulu ka matse ka bi da samfefa mai laushi.

Wani kafinta:
Ni ta ɓangaren katakon zan shigo. Malam tsagewar nan dalilinta biyu ne, ko ramin ya matse ƙusar ko kana duka kamar mai kafa rufi. Sandar tagulla ake amfani da ita mai kaurin 1/16 na inci, wajen milimita 1.6 ke nan, ramin kuma ya ɗan fi ta kaɗan yadda za ta shige ba dole. In ka bar tsawo da yawa a waje sai ta lanƙwashe a ciki maimakon kanta ya baje, lanƙwasar nan ita ke fasa katako. Sa wosha, ka yanke ƙusar, ka goge da magagari har abin da ya rage saman woshar bai wuce rabin kaurin ƙusar zuwa kaurinta ba. Sai ƙaramar guduma mai zagayayyen kai, ka ɗora ɗaya gefen a kan ƙarfe, kana ɗan ƙwanƙwasawa kana zagaya bakin ƙusar har ta yi hula. Ƙarfin dukan, wanda in ya sauka a farcenka ba za ka ce wayyo ba. Sau ɗari ƙanana, kana juyawa gefe da gefe, kana buɗe askar kana jin taurinta.
Kuma wane katako ka sa? In mai laushi ne ko ka yanke shi a kan gicciye to dole ya fashe. Nemi mai tauri, zaren ya bi tsawon mariƙin, kauri kamar milimita 3 ka rage da samfefa. Ka shafe shi ciki da waje don abin nan kullum cikin ruwa da kumfa yake.

Wata 'yar uwa:
Sannunku. Ba wanda ya tambaye shi weji, kuma ina zargin nan matsalar gogar take. Malam ɗan abin da ka sa a ƙarshen mariƙin tsakanin ɓari biyun, shafaffe ne ko mai tsini? Yawancin sababbi suna yanka shi kauri ɗaya, alhali dole ya zama siriri ta baya ya yi kauri ta wajen ƙarfen, shi ke sa ɓarin biyu su buɗe kamar baki sannan in ka ɗaure ƙusar wuya su ɗan yi baka su riƙe askar. In babu wannan ko dai ta yi sako-sako ko ta faɗa ciki da yawa har kaifin ya leƙo ta ƙasa, wannan kuwa yankan yatsa ne.
Na biyu, ramukan. In ka huda kowane ɓari daban ba za su taɓa daidaita ba. Liƙa ɓarin biyu da salatif mai gam gaba da baya, ka zana tsohon mariƙin a kai, ka yanka ka gurza ka huda suna haɗe, diril ɗin a miƙe cak, sannan ka raba. Ni kafin in daki ƙusa sai na fara ɗaurawa da 'yan ƙananan noti na gwaji in rufe in buɗe in gani. Kuma don Allah ka naɗe kaifin da salatif kafin komai, ni sai da na ga jini na koya.

Mai tambaya:
Hajiya kin kama ni, shafaffe na yanka, ramukan ma daban-daban na huda da hannu.

Wani ɗan uwa:
Hhh duk mun bi ta nan. Amma a yi wa mutum adalci, wani lokaci ba laifinka ba ne, tsofaffin nan da hannu aka ƙera su, wuyan wata a karkace yake tun asali ko ramin ya faɗaɗa saboda amfani. Ɗora ta a kan gilashi ka danna wuyan, ka juya ka sake, za ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗagawa. In kaɗan ne ana gyarawa da siririyar wosha ta ciki ko ka ɗan ƙara dukan ƙusar ta gefe ɗaya kana dubawa. Ni shawarata ka bar katako tukuna ka koya da akirilik, wato roba mai tauri, ba ya jin ruwa kuma yana da sauƙin gurza, sai dai shi ma yana fashewa in ka matsa. G10, wato farantin da ake haɗawa da zaren gilashi da gam, ba ya fashewa amma yana cin zarto, ƙurarsa kuma gilashi ce, sai da takunkumi.

Kafinta:
Ni dai akirilik a tsohuwar aska bai taɓa yi min kyau a ido ba, kamar dattijo da takalmin ƙwallo. Amma don koyo ba laifi.

Tsohon hannu:
Ƙari ɗaya, in wata rana ka samu mai farin mariƙi siriri sosai wanda babu wosha a ƙusoshinsa, tsaya ka bincika kafin ka sa magagari, yana iya zama hauren giwa. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989 ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, in ka fasa ba ka da inda za ka samo madadi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na cire na 'yar Jamus ɗin yanzu, da na goge kan ƙusar na buɗe sai wani wari mai tsami ya bugo ni, cikin ma duk ya yi danƙo. Tsatsar ta ɗan taɓa kusa da kaifi, zan fara kai ta dutse in ga ko akwai lafiyayyen ƙarfe kafin in ɓata lokaci a mariƙi. Ƙahon yana cikin mai. Hajiya wejin nan, da me kike yanka naki, ragowar mariƙin ko wani abu daban?